Allon da Babu Sunan Anti

A ofishin nan na hawa na biyu, mai fankar da ke ƙara ba ta ba da iska, akwai wani babban allon kwamfuta manne a bango. Kowace safiya, kafin a taɓa shayi, sai an tsaya an kalle shi, domin a kansa ne gwaje-gwajen wata manhaja da suke ginawa, wadda suke kira laburare, ke gangarowa ɗaya bayan ɗaya.

Aikin laburaren ba shi da wuyar faɗa. Duk manhajar da ke aiki a kwamfuta tana buƙatar wuri a ƙwaƙwalwar na'urar. Laburaren ne ke yanka mata wurin, in ta gama ya karɓe ya ba wata, kamar mai tsaron wurin ajiye motoci: kada ya ba mota biyu wuri ɗaya, kada kuma ya manta da wurin da aka bari. A baki ke nan. A aikace kuwa ya sa mutane da dama furfura tun lokacinta bai yi ba.

Suna da wata al'ada da ba wanda ya tuna wanda ya ƙirƙiro ta. Duk wanda ya yi kuskuren da ya ɓata laburaren, bayan an gyara sai a rubuta gwajin da zai hana kuskuren dawowa, a raɗa masa sunan mai laifin. Shi ya sa allon yake karantuwa kamar ana kiran suna a aji. "Dogo-ya-manta-ya-mayar: lafiya." "Oga-ya-ba-biyu-wuri-ɗaya: lafiya." "Gajere-ya-wuce-iyaka: lafiya." Gajere ya bar aikin shekaru da yawa, Dogo ma bai taɓa ganinsa ba, amma kullum in sunan ya gangaro sai ya ɗaga kofi ya ce, "Barka da asuba, Gajere."

Anti ce ta rubuta kusan duk gwaje-gwajen nan. Ita ce mafi daɗewa a wurin, mace mai tabarau da igiya a wuya, wadda ke karanta layi sau uku kafin ta yarda da shi. Ba ta taɓa ɓata laburaren ba. Da can abin alfaharinta ke nan. Amma da aka yi mata ƙarin girma zuwa wani reshe a wani gari, ranar tafiya ta matso, sai ta tsaya gaban allon ta lura da abin da ya tsaya mata a rai: kowa yana nan, har waɗanda suka tafi, ban da ita. In ta fita ƙofar nan, babu mai ɗaga mata kofi.

Da yamma ta gaya wa maigidanta, suna tsaka da naɗe kwanuka a jarida.

"To ni ban gane ba," in ji shi. "Kina baƙin ciki don ba ki taɓa yin shirme ba?"

"Ba za ka gane ba, Baban yara."

"Ai kuwa in shirme kike nema, ki tambaye ni. Ina da shi har na rabawa."

Ta jefe shi da tsumma, yana dariya. Amma maganar ta zauna mata.

Washegari ta ware kwafin laburaren gefe guda, inda ba zai taɓa na mutane ba, ta zauna za ta yi ɓarna da gangan. Ashe ɓarna ma sai wanda ya iya. Ta goge layin da ke karɓo wuri bayan manhaja ta gama, ta kunna gwaji. Nan take kwamfutarta ta nuna ja: gwajin Dogo ya cafke ta. Ta cire makullin da ke hana manhaja biyu shiga wuri ɗaya, na Oga ya cafke ta. Ta ƙara ɗan wuri kaɗan a kan iyaka, Gajere da ke can wata uwa duniya ya miƙo hannu ya riƙe ta. Abin haushin shi ne duk tarkunan ita ta ɗana su da hannunta, kuma ta ɗana su da kyau.

Dogo ya zo wucewa ya hango jan, ya ja birki.

"Anti! Ja a kwamfutarki? Lafiya kuwa? In kira likita?"

"Wuce ka ba ni wuri, sarkin sa ido."

"Wallahi yau sai na rubuta kwanan wata."

Haka ta yi ta fama har kwanaki suka ja. Ana saura kaɗan ta tafi, sai ta tuna da wani lungu da ba a cika bi ba: idan manhaja ta nemi a faɗaɗa mata wurinta, kuma wurin nata shi ne na ƙarshe a jere, babu kowa a bayansa. Ta sauya alama ɗaya tak a wajen awon, ta kunna gwaji, ta harɗe hannu tana jiran ja.

Kore. Daga sama har ƙasa, kore.

Daɗi ya kama ta har ta daki tebur. Ta yi nasara! Abin da ya rage kawai ta haɗa wannan sauyi da babban laburaren. Babu mai duba aikin Anti da ido biyu, kowa ya yarda da ita. Sabon samfurin laburaren zai fita a mako mai zuwa, wani can zai kawo ƙara, a bi sawu a iske ita ce, sunanta ya hau allo har abada.

Murnar ba ta kai ta shanye shayinta ba. Ta ajiye kofin. Wannan koren yana nufin akwai rami a shingen da ta shekara da shekaru tana ginawa, kuma kowa na iya faɗawa ciki ba da gangan ba. Shi kuma "wani can" da zai kawo ƙara mutum ne, wataƙila mai shago da na'urarsa za ta tsaya cak ga layin mutane a gabansa. Kunya ta rufe ta, don ta san na ɗan lokaci ta yi sha'awar hakan da gaske.

Ta miƙe ta cire tabarau. "Oga, Dogo, ku zo ku ga wani abu."

Ta nuna musu alamar da ta sauya, ta nuna musu koren. Oga, mutum mai tumbi da son bin ƙa'ida, ya dafe kai.

"Tun yaushe ramin nan yake?"

"Tun kafin a ɗauki Dogo aiki."

"To ke me ya kai ki taɓa wurin?"

Ta faɗa musu gaskiya, tana kallon fanka. Dogo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Anti! Ashe kishin Gajere kike yi! Oga, a sa mata suna, ta ci!"

Oga ya gyara murya. "Ƙa'ida ta ce kuskure. Wannan ba kuskure ba ne, shiri ne. In muka buɗe wannan ƙofa, gobe kai ma za ka fara fasa abubuwa don a san da kai."

"Ranka ya daɗe, ni ai sunana uku a allo, na ƙoshi."

"Ku bar shi," in ji Anti. "Oga ya yi gaskiya. A sa masa lamba kawai."

Ta koma kujerarta ta rubuta gwajin, ta tabbatar yana kama alamar da ta sauya, ta ba shi lamba, ta miƙa. Ranta bai yi daɗi ba, amma ramin ya toshe, kuma ta san da ta bar shi a buɗe ba za ta iya barci a sabon garin ba.

Ranar tafiyarta aka taru gaban allo kamar kullum. Dogo ya gaida Gajere. Sunaye suka yi ta gangarowa, ita kuwa tana ta gyara igiyar tabarau don kada a ga idonta. Da aka zo layin ƙarshe, ba ta ga lambar da ta sa ba.

"Anti-ta-yi-da-gangan: lafiya."

Ta juya ta kalli Oga. Ya ɗaga kafaɗa yana kallon kofinsa.

"Ban karya ƙa'ida ba," in ji shi. "Sunan bai ce kuskure ba ne."

Ta yi dariya, hawayen da take ɓoyewa suka zubo, ta ƙyale su.

Watanni bayan haka, tana sabon ofishinta mai sanyi da shiru, inda kowa ke ce mata shugaba babu mai tsokanarta, wayarta ta yi ƙara. Hoto ne daga Dogo. Allon nan ne na bango, kore daga sama har kusa da ƙasa, sai layi ɗaya ja wur, mai ɗauke da sunanta. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Anti, yau da safe kin kama Oga. Ya ce a gaishe ki, wai ko kin tafi ba ki bar mutane sun huta ba."

Ta ɗaga kofinta ga wayar, ta ce, "Barka da asuba, Oga."