Ƙwai Biyu a Lagireto

Ranar da za mu ɗauko mijina Eusebio daga asibitin Santa Clara, tsohuwar motarsa ƙirar 1954 ta wayi gari tana yoyon ruwa. Likita ya ce saura masa wata guda. Shi kuwa ya ce a gida zai ƙarasa, kuma motarsa ce za ta kai shi.

Ƙaninsa Nemesio, bakanike, ya leƙa lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, ya ce, "Matar yaya, kawo ƙwai."

"Shekara talatin ina koyar da kimiyya, yau ka sa ni soya wa mota ƙwai?"

"Malama, kimiyyarki ta taɓa kai ki Santa Clara? Zafi zai dafa shi, ya toshe hudar."

Biyu suka rage cikin rabon gwamnati na watan, na adana wa Eusebio. Na miƙa ina tsaki. Ya fasa su, ya zuba farin ƙwan a lagireto.

Ko ɗigo ba mu zubar ba har asibiti. Muka tarar an naɗe katifarsa, ya rasu tun hantsi.

Ƙwan da na raina ya riƙe har muka dawo gida. Watan likita, da ban taɓa shakkarsa ba, kwana huɗu kacal ya yi.