Takardar da Injin Bai Zana Ba

Ɗigo na ƙarshe ya faɗa cikin kwalba, Auta ta kashe wuta ta share gumi. Awa uku ta yi a tsaye tana dafa ruwan sinadari, tururinsa na bin bututu yana hucewa yana ɗiga. Sauran 'yan ajinsu tuni suka gaji suka zube kan benci.

"Malam, ga nawa," ta ce. A ɗakin gwajin da nake kula da shi ba ta ce mini Baba, ni na hana ta.

Na karɓa na shige ɗakin ciki na turo ƙofa. Nan injin yake, wanda ke harba haske cikin ruwa ya zana layi mai tudu da kwari, daga zanen a gane wane sinadari ne. Shekararsa bakwai da mutuwa. Kullum sai na goge shi na lulluɓe, kamar gawar da aka hana binnewa. Na ajiye kwalbar a taga, na ɓata minti biyar don a ce ana aiki, sannan na jawo durowa na zaro kwafin zanen da ya yi a shekararsa ta ƙarshe, na rubuta lambarta a sama, na fito na miƙa mata. Haka na yi wa ɗalibai sun fi dubu, babu wanda ya taɓa tambaya.

*

Da yamma ina tsakar gida na tsoma ƙafafuna a ruwan ɗumi, ta zo ta durƙusa da takardar.

"Baba, wannan ba tawa ba ce."

"Taki ce mana. Ba ga lambarki ba?"

"Lambar ce kawai tawa. Duba kwarin nan mai faɗi, wajen lamba dubu uku da ɗari uku. Na barasa ne. Barasa sai zafi ya kai saba'in da takwas take ɗiga, nawa kuwa a hamsin da shida ya fara. Ga warin ruwan goge farce. Asiton muka tace, Baba."

Na karɓa na duba. Gaskiyarta, barasar ta ƙare a sito, na zuba musu abin da ya samu, na manta takardun durowa ba su canja ba. Ɗalibi arba'in, ita kaɗai ta lura. Daɗi da kunya suka kama ni lokaci guda.

"Ku dai ku yi ta hirar kwalabe har abinci ya huce," in ji uwarta daga madafa.

"Abin da na gani zan rubuta," Auta ta ce.

"Dakta mai duba rahotonku abin da ke takardar yake so. Tun kina ƙaramar sakandare amsarsa take a rubuce."

"To ya kayar da ni."

"Ba ke za a kayar ba."

Na gaya mata komai. Dakta mai koyar da su ya san injin ya mutu, shugaban sashe ya sani, wasiƙa goma sha ɗaya na rubuta a gyara, ko amsa ban samu ba. Amma littafin da ke cewa an yi aiki da shi kowane mako, hannuna ne a ciki. Wata mai zuwa masu bincike za su zo, kuma rahoton ɗalibai suke fara buɗewa. In suka ga nata, wuyan mutum ɗaya za a nema, nawa ne kuma mafi kusa. Wata tara ya rage in ajiye aiki da mutuncina.

"Baba, kai ne fa ka ce kada in taɓa rubuta abin da idona bai gani ba."

"Na faɗa. Ki rufa mini asiri, Auta."

Ban taɓa roƙon abin da na haifa ba sai ranar. Ta daɗe tana kallon ƙafafuna da suka kumbura, sannan ta naɗe takardar ta shige ɗaki.

*

Bayan mako biyu Dakta ya shigo yana kaɗa rahotonta a sama.

"Malam, ka haifi masaniya! Shafi biyu ta yi kan kwarin barasa, ko kuskure ɗaya babu. Manna shi a allo kafin baƙin nan masu bincike su iso."

Na manna. Baƙi suka zo, suka karanta, suka leƙa injin yana ƙyalli, suka yaba suka tafi.

Ranar gwaji na gaba ƙawayenta suka taru gaban allon suna shewa. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ba a yi minti goma da farawa ba ta zo teburina ta ajiye kwalba.

"Malam, ba sai ka wahala ka shiga ciki ba. Miƙo takardar kawai."

Na ɗaga kwalbar na duba. A bushe take.