Ranar da Kaka Salha Ta Je Jami'a

Tun rana ba ta yi zafi ba Houda ta iso ƙofar gidan su Rahaf a unguwar Abdulkafi da ke Sabha, a kudancin Libiya. Daga unguwar Tayuri ta fito, inda aka haife ta, inda mahaifinta Moumouni, magini mutumin Tanut ta ƙasar Nijar, ya kafa gidansa tun kafin ya yi furfura. A Sabha ta yi makaranta tun daga firamare har jami'a, Larabcinta kuwa ba ya bambanta da na 'yan gari. Sai dai katinta na ɗaliba, a ƙasan hotonta, an rubuta Nijar.

A wannan shekarar jami'a ta fito da wata shaida ta musamman ga ɗaliban da suka ɗauki darussan sanin al'adun duniya da zama da mutanen da ba naka ba. Wanda ya samu, ana rubuta masa ita a jikin digirinsa, kuma ƙungiyoyin agaji na waje da ke neman ma'aikata a kudancin Libiya suna dubawa. Houda ta gama darussan duka. Abin da ya rage shi ne aikin ƙarshe: ɗalibai biyu daga al'umma daban-daban su yi bincike tare, su gabatar a gaban kwamiti. Zama ɗaya ne, wanda ya kuskure sai baɗi, ita kuwa Houda ba ta da baɗi a jami'a.

Rahaf ce abokiyar aikinta, 'yar asalin Fezzan, yankin da Sabha take. Da farko sun rasa abin da za su bincika. Wata rana Houda tana gidansu, shayi ya zube mata a hannu, ta ce, "Wayyo Allah, na ƙone!" Sai tsohuwar da ke zaune a kusurwar ɗaki, kakar Rahaf, Hajiya Salha, ta ɗago kai ta ce mata da Hausa, "Sannu, 'yar nan. Ke 'yar wane gari ce?"

Rahaf ta saki baki. Duk rayuwarta ba ta taɓa jin wannan harshe a bakin kakarta ba. Ashe tsohuwar a wurin uwarta ta sha shi, wadda kakanninta suka hauro sahara daga ƙasar Hausa da ayari suka zauna a Murzuk. Hausarta tsohuwa ce, mai nauyi, akwai kalmomin da Houda sai ta je gida ta tambayi mahaifiyarta Rabiatou. Daga nan bincikensu ya samu, kuma Hajiya Salha ta yarda za ta zo da ƙafarta ta yi magana a gaban kwamiti.

Moataz, yayan Rahaf, shi ne mai mota a gidan. Rahaf ta ce masa taron iyaye ake yi a jami'a. Da safen nan, ranar gabatarwar, ya zaunar da kakarsa a gaba, 'yan matan suka shiga baya, ya tayar da mota.

Ba su yi nisa ba tsohuwar ta waigo, ta yi magana da Hausa. "Houda, in na tsaya gaban malamanku, da gaisuwa zan fara ko da waƙar niƙa?"

"Da gaisuwa, Kaka," in ji Houda a hankali.

Ta ga idon Moataz a madubi. Ya rage gudu.

"Me take cewa?" ya tambayi ƙanwarsa da Larabci. "Wane taro ne wannan, Rahaf?"

Rahaf ta faɗa masa gaskiya. Moataz ya gangara gefen titi ya tsaya kusa da wani shagon sayar da tayoyi, ya juyo gaba ɗaya.

"Kin yi hauka? A gaban jama'a? Kowa da waya a hannu?"

"Aikin makaranta ne kawai."

"Kin san abin da ya sami gidan su Moayad? Mutum ɗaya ya je wurin hukuma ya ce kakanninsu baƙi ne, aka rufe fayil ɗinsu. Har yau 'ya'yansu ba su da lambar ɗan ƙasa. Ba fasfo, ba aikin gwamnati. Shi kike nema mana don a rubuta miki layi ɗaya a takarda?" Ya dubi Houda. "Ke ba abin da za ki rasa. Mu ne za mu zauna da abin."

Maganar ta soki Houda, amma ba ta iya cewa ƙarya yake yi ba. A Tayuri ta girma, ta san gidajen da aka haifi uba da ɗa a Libiya amma babu mai takarda a cikinsu.

"Moataz," in ji tsohuwar da Larabci, "uwata a nan aka binne ta, uwarta ma a nan. Ban sato harshen nan ba. Ja mota."

"Kaka, gida za mu koma."

"To sauke ni, in tari tasi."

Ta kai hannu ga ƙofa. Moataz ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya yi dogon numfashi, sannan ya hau titi. Houda ta zuba ido ta ga inda zai nufa a shataletalen gaba. Ya ɗauki hanyar jami'a.

Suna karya kwana suka tarar da layin motoci. An gindaya shinge a tsakiyar titi, bawwaba kamar yadda 'yan gari ke cewa, inda jiya babu komai. Motoci biyu masu bindiga a baya sun tsaya a gicciye, samari da kaki suna leƙa kowace mota. A gefe, jikin wani bango, an zaunar da wasu maza a ƙasa, 'yan ƙwadago da aka sauke daga motar ɗaukar kaya, hannayensu a kai. Houda ta gane ɗaya, Laouali mai fenti, maƙwabcinsu. Ta sunkuyar da kai.

"Kada wanda ya yi wannan yaren," in ji Moataz, bai waigo ba. "Houda, takardunki?"

"Ina da katin jami'a."

"Iƙama fa?"

Izinin zamanta ya ƙare, an kai shi sabuntawa, ba a dawo da shi ba. Ta faɗa masa. Ya rufe ido na ɗan lokaci. A baya motoci sun riga sun toshe hanya, ba wurin juyawa.

Wanda ya zo tagarsu dogo ne, da rawani ya rufe rabin fuskarsa. Ya karɓi takardun Moataz, ya duba, ya gaishe da tsohuwar. Har ya ɗaga hannu zai ce su wuce, sai ya leƙa baya.

"Su fa?"

"Ƙanwata ce da abokiyar karatunta. Jarrabawa suke da ita."

"Kati."

Rahaf ta miƙa nata. Houda ma ta miƙa nata. Mutumin ya daɗe yana kallon ƙasan hoton.

"Nijar. Ina iƙama?"

"Tana ofis, ana sabuntawa," in ji Houda. "A nan aka haife ni."

"Kowa haka yake cewa. Sauko."

Rahaf ta damƙe hannunta. Houda ta dubi mazan da ke jikin bango. Ta san inda ake kai waɗanda aka sauke, ta san akwai waɗanda sai a bakin iyaka ake sake jin labarinsu. Ta tuna ba ta ma yi wa mahaifinta sallama ba, ya riga ya fita wurin gini.

Moataz ne ya buɗe ƙofarsa ya fito. Wani daga cikin samarin ya gyara riƙon bindigarsa.

"Koma mota," in ji mai rawanin.

"Yarinyar nan daga gidanmu na ɗauko ta," in ji Moataz. Bai ja da baya ba. "A motata take, tare da kakata. Ba za a sauke mace daga motata a zaunar da ita a titi ba. Ga ni, ga mota, ga takarduna. Ku riƙe ni har a kawo muku shaida daga jami'a."

"Kai wa ka sani a nan da za ka tsaya mata?"

"Ban san kowa ba. Sunan gidanmu yana hannunka."

Aka yi cirko-cirko. Direbobin baya sun daina matsa oda. Hajiya Salha ta sauke gilashin tagarta, ta kira mai rawanin da hannu kamar yadda ake kiran jika.

"Ɗana, rana tana dukana, ni kuma ba lafiya ce ta ishe ni ba. Yarinyar nan ita ke riƙe ni in na yi tafiya. In za ka sauke ta, sai ka sauke mu tare, ka samo mini kujera."

Mutumin ya dubi tsohuwar, ya dubi layin motocin da ya yi tsawo, ya tafi wurin wani babba da ke zaune cikin mota a inuwa. Suka yi magana, babban ya leƙo ya kalle su. Da mai rawanin ya dawo, katin Rahaf kawai ya mayar.

"Matan su tafi. Kai da mota da katin nan kuna nan. In shaida ba ta zo ba kafin mu tashi, da kai za mu tafi."

Moataz ya miƙa masa makulli. Ya taimaki kakarsa ta fito, ya ce wa Rahaf, "Ku nemi shugaban sashenku, ya buga hatimi. Kada ki kira Baba." Bai dubi Houda ba.

Suka wuce shingen a ƙafa, tsohuwar a tsakiya. Da suka zo daidai bangon, Laouali ya ɗago ido, ya motsa leɓe ba sauti. Houda ta gane: ki faɗa wa gida. Ta gyaɗa kai kaɗan, ta ci gaba da tafiya.

Tasi ta sauke su a jami'a an riga an kira sunansu an wuce. Duktur Masoud, shugaban shirin, yana tsaye a bakin zaure. Houda ba ta yi maganar makara ba, labarin Moataz ta fara ba shi. Nan take ya bar kwamitin, ya shiga ofis ya rubuta cewa ita ɗalibarsa ce, ya buga hatimi, ya ba wani malami mai mota ya ce ya kai shingen da kansa.

"Ku kuma," ya ce, "za ku iya yau?"

Rahaf ta dubi Houda, idonta ya yi ja. Houda ta juya ga tsohuwar.

"Kaka, abin da Moataz ya faɗa gaskiya ne. In kin ce a bari, mun bari."

"Na zo ke nan," in ji Hajiya Salha. "Amma a ce wa yaran nan su mayar da wayoyinsu aljihu. Kuma kada a rubuta sunan gidanmu ko'ina."

Duktur Masoud ya shiga ya sanar, ya sa aka rufe ƙofa. Rahaf ta yi bayanin hanyar ayari da iyalan da suka zauna a Fezzan, tana satar kallon ƙofa. Houda ta kwatanta kalmomin tsohuwar da na Tanut. Sannan Hajiya Salha ta gaishe da zauren da Hausa, ta rera waƙar da uwarta ke yi in tana niƙa, Houda tana mayar da ita Larabci layi-layi. Wata malama a kwamitin ta tambayi gida nawa ne suka rage masu jin harshen. Tsohuwar ta ce ta san su, amma ba ita za ta faɗa ba.

Ana cikin tafa musu Rahaf ta fice neman labarin yayanta. Sai bayan azahar malamin ya dawo da katin Houda, ya ce an saki Moataz da motarsa, ya wuce gida kai tsaye. Na jikin bangon kuwa an kwashe su a babbar mota kafin ya isa. Houda ta koma Tayuri ta shiga gidan Laouali tun kafin ta shiga nasu, ta faɗa wa matarsa Hamsatou.

Shaidar ta fito a ƙarshen zango, da sunan Houda da na Rahaf cikin waɗanda suka samu. Rahaf ta ce yayanta ya roƙi kada Houda ta riƙa zuwa gidan sai ƙura ta lafa, Houda ta ce ta fahimta. Ta aika masa godiya ta bakin ƙanwarsa, ya ce a faɗa mata ta karɓo iƙamarta kafin ta sake shiga motar kowa.

Laouali ya bugo waya daga Agadas bayan wasu makonni, ya ce yana raye, yana neman hanyar dawowa.