Makullin Gwaggo

"Ba zan yi ba, Yallaɓai."

Manajan gidan rediyon ya ɗago kai kamar bai ji daidai ba. Shekara shida ke nan tana rubuta musu wasan kwaikwayon mako-mako, har sunanta ya ɓace, kowa sai dai ya ce Mai Biro. Amma mako uku ke nan kanta ya cushe, ko layi ɗaya ya ƙi fitowa, waɗanda ta ajiye kuma sun ƙare. Ga shi yau ƙarfe huɗu za a ɗauki wasa.

"Ki ɗauko na bara ki canza sunaye. Wa zai gane?"

"Ko ba wanda ya gane, ni na sani."

"Umarni na ba ki, ba shawara ba. In kika tsallake shi, ko zinariya kika rubuta, shirin nan ya bar hannunki."

Ta koma teburinta na bakin taga, ta buɗe littafin rubutu, ta saita minti goma a waya. Tun tana jami'a ta san dabarar, girman kai ne ya sa ta daina: hannu ba zai tsaya ba, ba gogewa, ba waiwaye. Ta rubuta "ba ni da abin cewa" sau goma sha ɗaya. Ta rubuta kukan fanka. Ta zagi takalmin Manaja har rabin shafi.

Injiniyan ɗaukar murya ya leƙo. "Mai Biro, wasiƙa ake wa aljanu?"

"Motsa ƙwaƙwalwa nake. Kai taka ai sabuwa ce dal, ba a taɓa taɓa ta ba."

Ta sake saita wayar, kowane layi ta fara shi da "na tuna". Ƙarfe ɗaya ta yi, ga shafi huɗu na shirme, ba labari. Amma hannun ya saki.

Ta shiga ɗakin da 'yan wasa ke jira. "Kowa ya ciro mini abu ɗaya daga jakarsa."

Aka zube caja, mataji, rabin katin magani. Gwaggo, dattijuwar da kullum ita ke fitowa a uwa, ta daɗe tana lalube, sannan ta ajiye wani makulli da ya yi baƙi.

"Na ina ne, Gwaggo?"

"Na gidanmu na dā. An rushe shi da za a yi titi, shekara tara ke nan."

"To me kike yi da shi?"

"Ji yarinya! Ni na kulle ƙofar da hannuna. Wa zan ba wa?"

Mai Biro ta matso kusa da ita. "Ki ara mini shi, da labarinsa."

"Ɗauki. In ya ɓata, ni da ke ne."

Awa biyu ba ta ɗaga kai ba. Huɗu saura kwata ta raba takardu da ɗuminsu daga injin bugawa: labarin wata mata da take hawa mota duk shekara, ta sauka a bakin babban titi, ta ƙirga taku har inda ɗakinta yake a dā.

A wurin ɗaukar wasan, da Gwaggo ta zo layin ƙarshe, muryarta ta karye, ta daure ta kai shi. Injiniya ya manta bai tsayar da na'ura ba. Ta bayan gilashi Manaja ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

"A saka shi," in ji shi. Ya dube ta. "Amma maganata tana nan. Daga Litinin kina sashen sanarwa."

"Na ji, Yallaɓai."

Ta mayar wa Gwaggo makullinta, ta kwashe birukanta, ta sauka bene kanta a sama, wani sabon labarin har ya fara yi mata motsi. Ta rasa shirin da ta yi rainonsa shekara shida, da sunanta da ake faɗa a ƙarshensa, da teburin bakin taga. Littafin shirmen kuwa yana hammatarta.