Kwalaben Mai Walda

"Wanne ne naki a ciki?" likita ta tambaya.

'Yar maƙwabcina mai walda ta nuna koriyar kwalba, ta rage ƙiba. Wanta ya nuna garin ƙarin kuzari. Ta ukun, wai ta wanke jini, ba wanda ya nuna, sai uwarsu ta sunkuyar da kai.

Likita ta jera su a kan tebur, ta juya bayansu. "Sunaye daban, amma duk da tataccen koren shayi a ciki. Ɗaya ma kan yi wa hantar wani nauyi, balle uku, kuma ciki ba abinci."

Mai waldar yana kwance a gadon asibiti, farin idonsa ya koma rawaya.

"Likita, kar ki yi musu faɗa," ya ce. "Kowa a ɓoye ya kawo nasa, wai kar sauran su sani. To in ƙi na wa?"

Na san kwalaben. Kullum ina zama a bencin shagonsa, yana surutu ina saurare, su kuma suna bayan gwangwanin kusoshi. Na taɓa ɗaukar ɗaya ina bin rubutun da yatsa, yadda aka koya mana a ajin manya. Ƙananan haruffan suka yi mini yawa, na mayar.

Da suka fita karɓo magani, ya ja hannun rigata.

"Malam na aji, aiki zan ba ka. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce nasa ban taɓa sha ba. Zubarwa nake."

"In yi ƙarya ke nan?"

"Da bakinka mai nauyi wa zai zarge ka?" Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

Bai kai ƙarshen makon ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, 'yar ta same ni a ƙofar shago, an rufe shi da kwaɗo.

"Kawu, kai kake zama da shi. Nawa ne ya kashe Baba?"

"Naki bai sha ba, 'yata. A kwatar bayan shago yake zubarwa."

"Ka gani da idonka?"

Na gyaɗa kai.

Ta zagaya, ta tsuguna a bakin kwatar, tana tona tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe da ɗan tsinke. A tsallaken titi wanta yana tsaye, hannu a aljihu, yana jira ta tafi.