Agogon Jidda a Ɗakina

Da Abban Munawwara zai koma Jidda, inda yake tuƙin motar kaya, ya bar mini kwamfutarsa. Agogonta yana kan lokacin can, awa biyu gaba da namu na Zandam. Shekara guda ban taɓa shi ba. In na ga shida sai in ce yanzu ya ajiye mota, yana neman abin ci. Kiransa ya yi wuya, sau ɗaya a mako, wani makon ma babu. Agogon kuwa kullum yana nan a ƙasan allo.

Ranar Talata na tafi Birnin Kudu karɓo sakamakon gwajin jinin Munawwara, 'yarmu mai shekara huɗu, da zazzaɓi ya kwantar. Na ba ta magani da asuba, na bar ta da maƙwabciyata A'i, na kunna wa yarinyar katun a kwamfutar, na ce wa A'i:

"In biyu ta yi ban dawo ba, cokali ɗaya. Likita ya ce awa takwas tsakani."

Biyu daidai na shigo. A'i tana bayan gida. Ko mayafi ban cire ba na cika cokali, na ɗago kan yarinyar.

"Umma, na sha."

"Yaushe?"

A'i ta leƙo tana yarfe hannu. "Tun ɗazu mana! Biyu na cika a abin nan na ba ta. Ke da kika yi huɗu a hanya, ko direban ne ya ɓata miki lokaci?"

Na dubi allon. Huɗu. Da sha biyun rana ke nan ta sha, ga ni da wani cokalin a bakinta. Na janye cokalin da sauri har maganin ya ɗiga a zanena.

"Agogon Jidda ne, A'i."

"To ke a Jidda kike?"

Bayan ta fita na zauna bakin katifa, na danna agogon, na shiga wurin yankin lokaci. Sunayen garuruwa reras. Na cire Riyad, mai lokaci ɗaya da Jidda, na gangara har na samu Afirka ta Yamma. Huɗu da rabi ta koma biyu da rabi.

Da yamma na ga shida. Shidan Zandam ce, awaki suna shigowa. Na taɓa goshin Munawwara, ya yi sanyi. Na ajiye cokalin kusa da kwamfutar, na zauna jiran takwas.