Rigar da Ta Manne wa Doya

Da an gama girbin dawa, mutanen ƙauyen su Kumai, can bayan Kagoma, sai su soma sa ido a kan duwatsu. Ciyawa ta bushe, masu farautar gafiya kuma ba sa jin magana. Wuta kan taso daga daji ta nufo gonakin citta da rumbuna, matasa su fita da ɗanyen ganye su tare ta. Kumai ne shugabansu.

Ba don ƙarfi aka zaɓe shi ba. Yana da tabon ƙuna a gadon baya, wanda abokansa ke kira taswirar Najeriya, har su nuna inda Kaduna take. Shekarun baya ne ya shiga kashe wuta sanye da rigar ƙwallo, iska ta juya, rigar ta narke ta manne masa. Tun daga nan, duk wanda ya ji ciwo a daji sai Kumai ya je gaishe shi, ya zauna ya tambayi yadda abin ya faru. Daga Levi, wanda ya gudu kan tudu wuta ta cim masa, aka koyi cewa wuta ta fi mutum iya hawa. Daga Wilfred, wanda silifas ya narke masa a ƙafa, aka koyi barin silifas a gida.

Wata Asabar sai ga Emenike, mijin ƙanwarsa Roseline, a kan babur da ƙatuwar jaka. Shagon tufafi gare shi a kasuwar Kafanchan, inda aka haife shi. Ya zazzage jakar a kan tabarma: riguna ne ruwan lemo, masu ƙyalli, an buga sunan ƙungiyar masu kashe wutar a baya. Ya ce gobe bayan sujada zai miƙa su a gaban dattawan ikkilisiya, domin bai dace jarumai su riƙa fita kamar masu zuwa roron gyaɗa ba.

Kumai ya murza riga ɗaya a yatsunsa, bayansa ya yi masa ƙaiƙayi. Irin waccan ce sak. In aka raba su gobe, babu matashin da zai yarda ya fita ba tare da tasa ba. In kuma ya ƙi karɓa, ya kunyata surukin da ya zo da zuciya ɗaya. Roseline ta karanci fuskar yayanta, ta ja shi gefe ta roƙe shi ya bi a hankali, don mijinta ya yi mako guda yana ba maƙwabtan shago labarin rigunan.

Kumai ya yi godiya sosai, ya ce baƙo ba zai zauna da yunwa ba. Da la'asar ya hura wuta a tsakar gida, ya kawo doya biyu. Cikin rigunan akwai wadda mai bugawa ya ɓata wa rubutu, Emenike ya ware ta. Kumai ya roƙe ta, ya naɗe doya ɗaya da ita, ɗayar kuma ya naɗe ta da tsohuwar rigar auduga ta zuwa gona. Emenike ya yi dariya ya tambaya ko yanzu doyar Kagoma ma sai ta yi kwalliya kafin a ci ta.

Aka jera su a gefen garwashi. Audugar ta yi baƙi-baƙi, ta ɗan kama, Kumai ya kaɗe ta da hannu ta mutu. Mai ƙyallin kuwa ta tattare, ta zama kamar kwalta, ta bi jikin doyar. Ya miƙa wa Emenike wuƙa ya ce ya ɓare. Emenike ya ɓare, fatar doyar ta biyo rigar.

Emenike ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa, sannan ya dubi bayan Kumai.

"Suruki, taswirar nan taka, haka aka zana ta?"

"Haka, surukina. Kuma mai zanen bai tambaye ni ba."

Roseline ta kawo manja da yaji ta ajiye. Can Emenike ya nisa, ya ce yana da dilar gwanjo ta wandunan jins da rigunan auduga masu dogon hannu, wadda ta ƙi tafiya saboda 'yan makaranta sun ce kayan tsofaffi ne; ita zai kawo wa matasan. Amma waɗannan masu ƙyallin fa, ya zai yi da su, ga shi har fasto ya ji labari?

Kumai ya ce ai suna da aiki. Za a sa su a wasan ƙwallo da ranar godiya. Ɗaya kuma za a ɗaura a kan dogon gora a bakin gonaki, don a nesa ma a ga inda iska ta nufa, tunda juyawarta ce ta fi cutar mutane.

Washegari Emenike da kansa ya yi bayani a majami'a, da doyar a hannu, ya ja kunnen matasa kamar shi ya fara gano abin. Kumai na zaune a baya yana gyaɗa kai. Ɗayar doyar kuwa, tun jiya surukai suka cinye ta.